Shirun Inna Baraka

Har yau in Malama Rashida ta shiga ɗakin kwamfuta na makarantarsu, ba ta yarda ta juya wa farin bangon nan baya. Bango ne kamar kowane bango, an shafa masa farin fenti don majigi ya riƙa haskawa a jikinsa. Amma ita gani take akwai wanda ke zaune a ciki yana jira a amsa masa.

Makarantar 'yan mata ce a wajen Ƙofar Guga a Katsina, kuma Turanci Rashida take koyarwa. A shekarar da abin ya faru, wata ƙungiya ta kawo shirin haɗa azuzuwan makarantun duniya ta intanet. Za a ba ku aji ɗaya a wata ƙasa, ku riƙa haɗuwa duk mako ta bidiyo, kuna aiki tare. Sauran malamai kowa ya zame jikinsa. Rashida kuwa, in dai abu sabo ne, to an zo gidanta. Ta yi ta cika baki a ɗakin malamai cewa Kanada za a ba su, ko Japan. Da aka fitar da rabo sai ga Sudan, wata makarantar 'yan mata a bayan garin Khartum. Ranar kam ta sha tsiya wurin abokan aikinta, har da mai tambayarta ko ta ɗinka rigar sanyin zuwa Kanadan.

Haɗuwar farko abin dariya ne. Doka ta ce da Turanci za a yi magana, to na nan Turancinsu da ƙyar yake tafiya, na can ma haka. Malamarsu, Ustaza Jamila, mace ce doguwa mai fara'a, tana ta ƙoƙari, Rashida ma tana ta ƙoƙari, yara kuwa sun zuba wa juna ido kamar baƙi a gidan biki. Cikin 'yan Sudan ɗin akwai wata siririya mai tabarau da ba ta gajiya da ɗaga hannu. Sai wata ɗalibar Rashida ta sunkuyar da kai ta ce wa ta kusa da ita, "Kai, wannan mai tabarau ta cika surutu."

Sai aka ji daga lasifika, raɗau: "Ke ma kin cika surutu!"

Tabɗi! Aji ya kaure da ihu, wasu har da hawa benci. Ashe kusan rabin ajin can Hausawa ne, jikokin mutanen da suka kama hanyar Makka ta ƙasa suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Mai tabaraun sunanta Suwaiba. Abin da ya tsaya wa Rashida a rai shi ne Hausar yarinyar. Sauran yaran Hausarsu ta cakuɗe da Larabci, ita kuwa tata irin ta tsoffin Katsina ce sak, "mi kika ce," "na tahi," kamar a bakin wata kaka ta cikin lungu ta ɗauko ta.

Aikin da aka ba su shi ne kowane aji ya nuna wa ɗaya garinsu. 'Yan Katsina suka zaɓi ƙofofin gari. Suka bi Ƙofar Ƙwaya da Ƙofar Guga da waya suna ɗauka, suna bayani suna dariya, babura na ratsa su. Da aka nuna, Suwaiba ta roƙi malamarsu ta ba ta aron waya ta kai wa babanta ya gani.

Mako na gaba ba ta ɗaga hannu ba sai da aka kusa tashi. Ta matso daf da kyamara, ta ce, "Malama, Babana ya kalli Ƙofar Guga. Ranar bai ci abinci ba. Ya ce in tambaya, wai ko akwai wadda ta san gidan Baraka mai fura, bayan masallaci? Wai ko tana da rai?"

Rashida ta matso gaban kyamara. Baraka mai fura mahaifiyarta ce, kuma a bayan masallacin nan ta baro ta da safe tana jan carbi.

"Yaya sunan babanki?"

"Mamuda. Tela ne."

Rashida ba ta san Mamuda ba sai a bakin mutane. Shi ne ɗan farin Inna Baraka, kuma ana goyon Rashida ya bar gari, shekara arba'in da wani abu ke nan. Yana saurayi ya ƙwallafa rai sai ya bi wasu teloli zuwa Makka ta mota, ya yi aikin hajji, ya zauna ya yi sana'a. Inna ta ce a'a. Ko a'ar ma ba a fuskarsa ta faɗa ba, don ita irin matan nan ne masu tsananin kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. Tana daka a tsakar gida, ta fuskanci turmi ta ce, "A gaya wa wancan yaron, in ya fita ƙofar nan, ba da yawuna ba." Ya ji da kunnensa. Washegari ya fita, kuma tun daga ranar ko saƙon baki ba a samu ba. Mahaifinsu ya rasu bai san ko ɗansa na raye ba. Inna kuwa ba ta taɓa ambaton zancen ba, sai dai duk shekarar da alhazai suka dawo takan yi kwanaki ba ta da walwala.

Ta bakin Suwaiba aka ji sauran. Bai kai Makka ba. Ciwo ya kwantar da shi a hanya, abokan tafiya suka wuce, shi kuma ya maƙale a Sudan. Duk abin da ya taɓa sai ya lalace, matarsa ta fari ta rasu, shagonsa ya taɓa ƙonewa, kuma kowane ɗaya yakan ce bakin uwa ne ke bin sa. Kunyar dawowa hannu Rabbana ta hana shi dawowa, tsoron a ce ta rasu ya hana shi tambaya. Abu ɗaya yake so a duniya yanzu, ya ji ta ce ta yafe masa.

To, a nan ne fa Rashida ta tafka wauta, kuma da kyakkyawar niyya ta tafka ta. Maimakon ta ɗauki waya ta shiga ɗakin Inna ta ja labule, sai ta ruga ofishin shugabar makaranta. Shugaba ta tafa hannu ta ce wannan ai abin nuna wa duniya ne. Ustaza Jamila ma ta yi murna, masu shirin suka ce lalle a naɗa. Aka tsayar da magana cewa a zaman ƙarshe kafin hutu, cikin azumi, za a haɗa uwa da ɗa a gaban azuzuwan biyu. Har Rashida ta ƙi yarda ita kanta ta gana da yayanta kafin ranar, wai kada armashin ya ragu. Armashi! Mace ta girma a gidan nan, ta san halin uwarta sarai, amma ɗoki ya rufe mata ido.

Da ta gaya wa Inna an ga Mamuda, tsohuwa tana tsintar wake a faifai. Hannunta ya tsaya cak. Sannan ta ce, "Allah mai iko." Ta ci gaba da tsinta. Sai can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Yana da lafiya, wancan ɗin?"

Ranar Alhamis ɗin da aka tsayar, tun da hantsi Inna ta yi wanka, ta ɗauro atamfar da take ajiya a ƙasan akwati, ta turara jikinta. Rashida ba ta gaya mata za a tara mutane ba. Sai da suka shiga ɗakin kwamfuta Inna ta ga 'yan mata maƙil har bakin taga, ga malamai, ga wasu iyaye, ga wani saurayi ya saita mata kyamara. Aka yi tafi. Ta ja ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi Rashida, kallon da Rashida ba ta fahimta ba sai daga baya. Aka kama hannunta aka zaunar da ita a kujerar gaba, daidai saitin bango.

Majigi ya haska. Ga ajin Sudan, su ma maƙil. A tsakiya ga wani dattijo cikin farar jallabiya, gemunsa fari fat, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Rashida ta toshe bakinta, don fuskar mahaifinsu ce aka dawo da ita.

Ya sauko daga kujera ya durƙusa a ƙasa, sai da aka sunkuyar da kyamarar can don a gan shi. Ya yi sallama. Ya gaida Inna gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi ibada, ya tambayi ƙarfin jiki. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta juya kai wajen taga.

"Inna, ni ne. Mamuda ne."

Shiru.

"Inna, na saɓa miki. Na tahi ba da yawunki ba, kuma na ga abin da na gani. Don Allah, don Annabi, ki yahe mini."

Aji ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙugin fanka. Rashida ta durƙusa kusa da ita tana raɗa, "Inna, ki yi magana mana. Inna, yana jiranki." Ta ga haɓar tsohuwa tana rawa a ƙarƙashin mayafi, ta ga yatsunta sun damƙe carbi kamar za su tsinka shi. Amma ina! Matar da ba ta taɓa yi wa ɗan nan magana ido da ido ba ko a tsakar gidanta, ita ce za ta yi a gaban 'ya'yan mutane da kyamara?

"Inna, kina ji na?"

Ya jira. Wallahi ya jira, jiran da ya sa wasu yaran suka fara kuka a nan da can. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna. Na gane. Allah Ya ƙara miki lahiya." Ya dafa ƙasa ya miƙe. Suwaiba ta riƙo hannun rigarsa tana cewa "Baba, Baba," ya zame a hankali ya fita daga hoton. Shugabar makaranta ta yi maza ta ce a ci gaba da waƙar bankwana.

Suka hau Napep suka koma. Sai da suka shiga gida, Inna ta zauna a bakin gado, ta yaye mayafi, fuskarta jiƙe sharkaf.

"Ke Rashida, ashe karatun naki bai ba ki hankali ba? A kasuwa za ki baje ni? Ni da na yahe tun ranar da ya hita, tun bai kai tasha ba!" Ta share ido da gefen zani. "Ki nemo mini shi. Ni kaɗai, a ɗakin nan. Ke ma ki hita."

Rashida ta kira Ustaza Jamila tun kafin a sha ruwa. Ustaza ta ce dattijon bai tsaya ba, ya tafi abinsa, kuma ba ta da lambarsa, don dokar shirin ta ce komai ta hannun malamai zai bi. Gobe Juma'a ba makaranta. Amma ta yi alkawarin ranar Asabar da safe za ta je unguwarsu da kanta, ta kai masa wayarta. Rashida ta roƙe ta ta gaya masa ba fushi ba ne, kunya ce. Ta yi ta laluben kalmar da Turanci ba ta samu wadda ta dace ba. Ustaza ta yi 'yar dariyar mamaki ta ce, "Kunyar ɗan da ta haifa?" Har suka ajiye waya Rashida ba ta tabbata matar ta gane ba.

Ranar Asabar Inna ta sake yin wanka, ta sake ɗaura atamfar, ta zauna a ɗaki tun da sassafe. Rashida ta kira, ba a ɗauka ba. Ta sake kira, waya ba ta shiga. Wajen azahar sai ga gajeren saƙo daga Ustaza: ana harbe-harbe a ko'ina, ba mai iya fita, ku yi mana addu'a. Da yamma rediyo ya faɗa wa duniya cewa yaƙi ya ɓarke a Khartum.

Daga nan sai shiru. Aka yi Sallah, aka koma makaranta, damina ta sauka. Bayan watanni Ustaza Jamila ta ɓullo daga Masar, ta ce ita da 'ya'yanta sun tsira da kayan jikinsu. Ba ta samu zuwa gidan su Suwaiba ba. Unguwar ta watse, wasu sun yi kudu, wasu sun yi Chadi, wasu ba a san inda suka yi ba. Rashida ta bi duk wani zaure na intanet da ake cigiyar mutane, ta saka hoton Suwaiba da tabaraunta, ta saka na Mamuda. Mutane suka yi ta rubuta Allah Ya bayyana.

Masu shirin suka turo saƙon jaje mai daɗin karantawa, suka ba su sabon aji a Malesiya. Yara ne masu kirki, Turancinsu garau. Rashida tana yin aikin, amma zuciyarta ba ta wurin. Duk lokacin da sabis ya ɗauke, hoto ya daskare, lasifika ya kama shuuu, sai tsigar jikinta ta tashi, don a ƙarƙashin ƙarar nan tana jin muryar namiji yana tambaya ko ana jin sa. Ta san babu kowa. Ta sha cire wayar lasifikar ta mayar. Wata rana tana share allo ita kaɗai ta ji kamar an yi gyaran murya a bayanta, ta juyo a firgice, ba komai sai farin bango. Ɗalibanta ma, ba wanda ya hana su, amma ba mai zama a kujerar da Inna ta zauna. Bidiyon ranar yana nan cikin kwamfuta, Rashida ba ta taɓa buɗe shi ba.

Inna kuwa ba ta ƙara tayar da zancen ba. Ta dai rame, zanenta ya riƙa zagaye ta har ya yi saura. Rediyo ba ya barin gefenta, in aka ambaci Sudan sai ta kara shi a kunne, in an wuce ta ajiye. Ba ta zagi Rashida ba, ba ta yi mata gori ba, kuma Rashida ta gwammace a ce ta zage ta.

Wata Asabar da safe, an kwana ana ruwa, gari ya yi luf, Inna ta fito da mayafinta a kafaɗa.

"Kin ce injin naku yana ajiye magana?"

"Yana ajiyewa, Inna."

"Ta ranar nan tana ciki?"

"Tana ciki."

"Kai ni."

Maigadi ya buɗe musu. Makaranta ba kowa, sai kwaɗi a cikin kwatami. Rashida ta kunna sola, ta kunna majigi. Ta ce, "Inna, ba shi ba ne fa. Hoton ranar ne kawai, ba zai ji ki ba."

"Na sani. Ni yarinya ce?"

Ta je ta zauna a kujerar nan da kanta. Bango ya haska gida biyu. A dama ga Mamuda durƙushe, a hagu ga ajin Katsina, ga wata tsohuwa a gaba ta ja mayafi ta juya kai wajen taga. Inna ta ƙura wa tsohuwar ido. Ta yi tsaki mai ƙarfi.

"Dubi wannan. Ke, juyo mana! Ɗanki ne hwa!"

Tsohuwar cikin bango ba ta juyo ba.

"Kawar mini da ita," in ji Inna. Rashida ta danna, hoton Mamuda ya cika bangon shi kaɗai, ya fi mutum girma. Ta nufi ƙofa za ta fita kamar yadda aka taɓa umartar ta, amma ba ta fita ba. Ta tsaya a jikin ƙyaure.

Ya yi sallama, Inna ta amsa. Ya tambayi gida, ta ce lafiya lau. Ya tambayi ƙarfin jiki, ta ce da godiya. Tana kallon cikin idonsa, abin da ba ta yi ba tun yana jariri a cinyarta, shi ma sai in ba kowa a ɗakin.

"Inna, ni ne. Mamuda ne."

"Na gan ka," ta ce. "Ka tsuhwa."

Ya roƙi gafara, kalma bayan kalma, kamar yadda ya roƙa. Ya tambaya ko tana jin sa. Sannan dogon shirun nan ya zo, yana durƙushe, idonsa a kanta, yana jira. Inna ta matso bakin kujera, ta miƙa hannu wajen hasken.

"Mamuda." Sunan ya fito da ƙyar, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. "Mamuda, ina jin ka. Na yahe maka duniya da lahira. Ba bakina ba ne, ɗana, ban taɓa yi maka baki ba. Allah Ya yi maka albarka, kai da 'ya'yanka. Ka ji? Na yahe."

Ta faɗa ta sake faɗa, shirun ya ishe ta har ya yi saura. Shi kuma yana kallonta, leɓensa na motsi kaɗan, kamar mai shirin yin murmushi. Rashida ta kama ƙyaure, don a wannan lokacin ita ma ta yarda ya ji.

Sai ya sunkuyar da kai.

"To, Inna. Na gane. Allah Ya ƙara miki lahiya."

Ya dafa ƙasa ya miƙe, yarinya ta riƙo rigarsa, ya zame ya fita. Bango ya koma kujera ba kowa.

Inna ta daɗe hannunta a miƙe. Sannan ta sauke shi a cinya, ta gyara zama, ta goge fuska da tafin hannu. Ba ta waiwayo ba ta ce, "Bai ji ba. Na yi ƙasa da murya. Maida shi baya."

Rashida ta zo ta mayar da shi baya.